Sandar Baba Mai Tsaga Uku

Shekaranjiya surukata ta wanke kaya ta rasa inda za ta ɗaura igiyar shanya, sai ta zaga bayan ɗakina ta jawo wata doguwar sanda da ta daɗe tana gani a kwance. Ina kan tabarma ina gyaran zogale na ji ƙarar janta a ƙasa. Ko ban ɗaga kai ba na san ita ce, don kowane ice da muryarsa. Na ce, "Ke ƴar nan, ajiye." Ta ce, "Iya, icen banza ne fa, ko gara ta ƙi shi." Na ce gara ta san abin da ba ki sani ba. Ban ga laifinta ba. A nan Diffa aka haife ta, cikin gari, ruwan da ta sani na famfo ne da na ƴan garuwa. Ta ga tsaga uku a jikin sandar ta ɗauka wasan yara ne da wuƙa. Tun ranar kuwa barcin rana ya ƙi ni, da na rufe ido sai in ji ruwa yana lasar cikin jirgi.

Garinmu yana yamma da nan, kafin a kai Shetimari, a matse tsakanin kogin Komadugu da tabki. Ku ƴaƴan yanzu in an ce tabki sai ku zaci wani kududdufin bayan kasuwa. Namu, in ya cika, mutum na tsaye a wannan gaɓa ba ya gane rigar wanda ke waccan. Faɗi gare shi kamar faifai, amma babu zurfi; dogon namiji zai ratsa shi da ƙafa ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, in ban da wuri guda a tsakiya da muke kira gurbi. Kuma ba ruwan samanmu ne ke cika shi ba. Ruwan baƙo ne, daga can cikin Najeriya yake tasowa, ya yi tafiyar watanni, sai damina ta yi nisa ya iso mana, ya cika kogi, sannan ya biyo wani siririn mashigi ya shigo tabki a hankali kamar mai jin kunya. Baba yakan ce, "Ruwan da ya yi doguwar tafiya ba a tarbarsa da hayaniya." Amma ina, wa zai hana mu? Ranar da bakin ruwan ya leƙo mashigi, da kumfa da karmami a gabansa, gari duka yana can, mata na guɗa, tsofaffi na ɗiba suna shafawa a fuska. Ƙamshin busasshiyar ƙasa in ta sha ruwan farko, har yau ban ji turaren da ya kamo shi ba, ni kuwa cikin Barebari na tashi, na san turare.

Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, yayyena maza kuwa tun suna samari babban tabkin Cadi ya janye su, sai su zo Sallah su koma. Shi ya sa Baba ya ɗora ni a jirgi tun ban kai rabin sandar tuƙi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. "Uwata, kada ki yi faɗa da ruwa. Kafa sanda, ki jingina, ki bar jirgi ya yi tafiyarsa." Ba yabon kai ba, har na yi aure na haifi uku, daga garinmu zuwa Gagamari ba a yi macen da ta kama ƙafata a tuƙi ba, mazan ma sai an zaɓa. A cikin gari na yi aure, gida uku tsakanina da Baba, shi ya sa ban rabu da jirgin ba. Da hantsi in na gama aikin gida sai in goya na goye, in kwashi mata mu shiga bado. Ku da ba ku gani ba, ta yaya zan kwatanta muku? Fararen furanni har iyakar gani, jirgi na ratsa su suna buɗewa suna rufewa a bayanmu, ba a ganin inda muka bi. Bagaruwa tsaye cikin ruwa har ƙugu, balbela sun yi mata fari fat. Kirinjijiya su tashi garke guda suna fito, gauraka daga nesa suna kiran junansu. Wani lokaci sai in ɗaga sanda in bar jirgi ya tsaya don kansa, mu yi shiru, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga bakin sanda da numfashin wanda ke bayana. A irin wannan shirun in ka leƙa sai ka ga sama a kwance ƙarƙashin jirgi da gajimarenta, ƴan karfasa na yawo a ciki. Mu ciro ƴaƴan bado mu cika ƙwarya, a shanya, a daka, a yi tuwo. Yanzu in na ce wa jikokina mun ci tuwon fure sai su kwashe da dariya.

In ɗari ya shigo ruwa ya kwanta, sai baƙi su fara zuwa. Ma'aikatan da ake turowa Diffa daga yamma, da sojoji, ran Lahadi ba su da wurin zuwa, sai su cika mota da matansu da tabarmi da rediyo su sauka gindin goruba a bakin tabki. Wasu su jefa fatsa su wuni ba su kama ko kurungu ba, da yamma su sayi kifi wurinmu su je gida su yi ƙarya. Wasu kuma su ce a zaga da su cikin jirgi. Akwai wani mushe, yadda muke kiran ƴan boko, mai ƙaton ciki, malamin lakwal ne aka ce, wato makarantar boko, da ya shiga jirgina ya kama gefe da hannu biyu yana ta faɗin, "Madam, dusuma, dusuma, a hankali, ina da iyali!" Ni kuwa ko sauri ban yi ba. Muna dawowa dab da gaɓa wata tarwaɗa ta yi tsalle kusa da shi, ya zabura, sai ga shi cikin ruwa yana salati yana kiran uwarsa da Zabarmanci. Ƙawata Ya Fanna, wadda bakinta ba shi da linzami, tana gefe tana wanki, ta ɗaga murya ta ce, "Mushe, tashi tsaye mana, ai ka riga ka iso ƙasa!" Ya miƙe, ruwa a gwiwa. Shi kansa sai da ya yi dariya har hawaye, kuma da Lahadi ta zagayo ya dawo ya ce jirgina zai shiga, ba na kowa ba. Da Sallah kuma tseren jirage ake yi, samari su tuɓe riga, ƴan mata a gaɓa da lalle da sababbin zannuwa, ganga na tashi ruwa na mayar da amonta. Sau biyu na shiga tseren maza. Na farko na zo ta biyu. Na biyun ba sai na faɗa ba, ku tambayi duk tsohon da ya rage daga garinmu, in ya yi shiru kun samu amsa.

Sai kuma su, wato kamun kifin gayya. Duk tsawon cikar ruwa ba a jefa ragar koma ko ta birgi a tabki, fatsa kawai aka yarda da ita, sai ranar da aka buɗe. Ranar kuwa har daga ƙauyukan tudu ake zuwa. Maza su jeru a gaɓa, kowa da ƙaton gora da koma biyu, Bulama mai gari ya ɗaga hannu, sai ka ji dum, dum, dum, kowa ya kife kan goransa yana iyo, tabki ya koma tukunyar da ke tafasa. Mu mata muna baki-baki da kwanduna da tsofaffin zannuwa muna tare ƙananan da suka gudo. Mako guda gari ba ya warin komai sai hayaƙin banda. Ga tattasai an baza a kan tudu yana bushewa, fili guda ja wur, ga kifi yana baƙi a kan wuta, in ka tsaya tsakani sai ka yi atishawa ka haɗiyi yawu lokaci ɗaya. Daga nan ruwa ya yi ta ja da baya, bazara ta zo, inda muka yi tuƙi ya zama fili mai tsage-tsage. Ko a haka tabki bai sallame mu ba. A nan ake kokawa, a nan ake langa, mu kuma mu ɗauki taɓarya muna buga ƙasa muna sauraro, inda ta yi amon rami a haƙa a ciro gaiwa tana barci cikin taɓonta. Yanzu kifi a kwali yake zuwa da ƙanƙara a ido, ba wanda ya san ruwan da ya haife shi.

Gurbi ne kaɗai ba ya ƙafewa, kuma gurbi amanar gidanmu ce tun kakanni. A nan manyan kifaye ke taruwa in ruwa ya janye, tarwaɗa masu kai kamar akushi da bargi masu tsawon hannu, su jira sabon ruwa su fita su yi ƙwai cikin ciyawa. Baba yakan ce kogi yana kawo ƴaƴa, amma iyaye a gurbi suke kwana, kuma manomin da ya ci irinsa ya ci shekararsa ta gaba. Sandar nan ita ce alƙali. Kowace Juma'a da safe ana kai ta tsakiyar gurbi a kafa ta tsaye. In ruwa yana tsagar sama, tabki ya cika. In ya sauko ta tsakiya, a buɗe su. In kuwa ya taɓa ta ƙasa, wadda ke daidai ƙirjin namiji, to an rufe, ba koma, ba fatsa, kuma duk mai injin ban ruwa ya naɗe tiyonsa ko da gonarsa na kuka. Lokacin injuna sun fara yawa, kowa ya faɗa noman tattasai, da safe sai ka ji su tututu ta kowace kusurwa kamar kwaɗi. Duk da haka ba wanda ya taɓa musa wa sanda. Da yanar ido ta rufe wa Baba gani ma ba a karɓe ta daga hannunsa ba. Ni nake tuƙa shi, ni nake kafa ta, in zaro in miƙa masa, shi kuma ya bi jikinta da yatsu daga gindi har inda danshi ya ƙare, ya faɗi hukunci. Mutane na cewa tsoho ya rasa ido biyu ya samu biyu.

To, akwai shekarar da ruwa ya zo a makare ya koma da wuri. Tabki ko tsagar sama bai taɓa ba. Su da aka saba yi da zafi, cikin ɗari aka yi shi. Maigidana kuwa a shekarar ya makara da dashe, don ciwo ya kwantar da shi da damina, sai ga tattasansa kore shar lokacin da na mutane ya fara ja. Wannan gonar ita ce hatsinmu, ita ce suturar yara, ba mu da wata. Mutum ne mai kunya, bai taɓa buɗe baki ya roƙe ni komai ba. Ran wata Alhamis dai na zuba masa kunu, bai dube ni ba, ƙoƙon hannunsa yake kallo, ya ce, "Da ruwan nan zai yi mini haƙurin wata guda, da na tsinka." Ya shanye ya fita. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ba zan ɗora masa abin da ni na aikata ba.

Kashegari na tuƙa Baba zuwa gurbi. Na kafa sanda tsaye yadda aka saba, na duba, ruwa ya sauka daidai kan tsagar ƙasa, ko yatsa bai rage ba. Na dubi Baba, yana zaune ya ba rana fuska yana sauraron kukan dinya, agwagwar daji. Na dubi tudu, na hango koren gonarmu. Sai na zaro sandar na mayar da ita a karkace, kamar mai sukar kifi daga nesa, ruwa ya hau jikinta ya wuce tsagar da taƙi guda. Na miƙa masa. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Alhamdu lillahi, da saura. Na zaci ya kai." Na ce, "Da saura, Baba." Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna. Juma'a ta biyu na ƙara karkatawa. Injuna suka ci gaba da sha, ba namu kaɗai ba, na gari duka, kowa na cewa bana gurbi ya yi albarka. Masu ido suna ganin taɓon gaɓa na faɗaɗa, amma wa zai yi magana alhali gonarsa na sha?

Juma'a ta uku sai da na sauka na tura jirgi cikin taɓo kafin mu samu ruwan da zai ɗauke shi. Da muka isa tsakiya, ruwan ya yi kauri ya yi ɗumi, manyan tarwaɗa na tasowa suna haɗiyar iska, ɓul, ɓul, ta ko'ina. Ya saki hannunsa a ciki ya daɗe. Na kwantar da sanda iya kwanciya, na zaro na ba shi. Ya bi ta da yatsu a hankali, ya wuce tsagar, ya tsaya inda danshi ya tsaya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Sanda ta ce ruwan nan ya kai mini wuya."

"Haka ta ce."

"To, yau Juma'a, ban yi wanka ba. Kama mini hannu in sauka."

"Baba, da sanyi. Bari mu je gida in ɗora maka ruwa."

"Sanyi? Ruwan da ya yi ɗumi kamar kunu? Kama ni."

Ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ajiye, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu. Ina riƙe da hannunsa ina jin nauyinsa na sauka, sai ya tsaya. Ruwa a cibiyarsa. Ga shi tsaye a tsakiyar gurbin kakanninsa, haƙarƙari duk a waje, kifaye na bugun ƙafafunsa don ba su da wurin gudu. Bai yi faɗa ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya juyo da fararen idanun nan daidai inda nake, ya ce, "Idona na farko Allah ne ya ba ni, ya karɓi abinsa, ban yi kuka ba. Na biyun nan fa, wa ya karɓe mini?" Sannan ya dafa gefen jirgi. Ya ce, "Ɗora ni mu tafi."

Bayan an sauko daga masallaci ya sa aka kai shi rumfar Bulama, ya ce a naɗe tiyo yau ɗin nan, ruwa ya wuce tsaga tun tuni. Aka ce yaya aka yi haka? Ya ce, "Yatsuna sun tsufa, sun daina bambance jiƙaƙƙe da busasshe." Bai ambace ni ba ko da wasa. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Waɗanda jiya ke sa masa albarka su ne ke cewa dama makaho da awon ruwa ina aka taɓa gani, a karɓi sanda a ba mai ido. Kwana biyu ina jin wannan ina haɗiyewa. A rana ta uku muna bakin rijiya Ya Fanna ta ce, "Ke, ki lallashi tsohon nan ya huta. Shekara da shekaru yana riƙe da mutuncinsa, ga shi zai ƙare a bakin ƴan shayi." Ba da mugunta ta faɗa ba. Na ajiye tulu a nan, ko cika shi ban yi ba, na wuce gidan Baba na ɗauki sandar.

Mace ba ta shiga rumfar Bulama in maza na zaune, sai dai ta tsuguna daga waje ta aika. Ni na shiga har tsakiya da sanda a kafaɗa. Bulama ya ce, "Ƴata, lafiya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo in nuna muku yadda ake awon ruwa." Na kafa ta tsaye a ƙasa na ce haka Baba ya koya mini. Na karkata ta na ce haka na yi Juma'a uku, don tattasan gidana. Yatsunsa lafiyarsu lau, abin da na miƙa musu suka shafa. Wani daga baya ya fara cewa ai dama aikin mata, sai Bulama ya katse shi. "Kai, injinka a kashe yake cikin makonnin nan? Ido biyu gare ka, kullum kana bakin ruwa. Ita ta dafa, amma da wa da wa aka ci?" Maigidana yana cikinsu, kansa a ƙasa. Ya tashi ya fita ba sallama, na ce a raina shi ke nan, aurena ma ya bi ruwa. Ashe gida ya je ya ɗauko shebur.

Don ruwan da ya rage ba zai kai kifayen nan damina ba, kowa ya sani. Dabara ɗaya ce, a yashe gurbi har a kai idon ruwan ƙasa, abin da tsofaffi suka ce an taɓa yi zamanin kakan Baba. Maza suka shiga suna haƙa ta gefe ɗaya, mu mata muka yi layi muna miƙa taɓo a ƙwarya hannu zuwa hannu har tudu. Nan take Ya Fanna ta ƙaga waƙa a kaina, wai mai karkatacciyar sanda ta sa gari wanka da laka, mata na amshi, ni ma ina amshi, yaya zan yi? Aka kafa rumfar zana a kan ruwan saboda rana. Kwana nawa muka yi ban riƙe ba, na dai san fatar hannuna ta saɓule. Tattasanmu muna ji muna gani ya yanƙwane a tsaye bai nuna ba, shekarar har tuwon bado sai da muka yi ta jan sa da dabara. Kifaye da yawa sun mutu, bargi ne suka fara juya ciki sama, muna kwashe su ba mai iya kallon wani. Amma wata safiya wani mai haƙa ya ce ƙafarsa ta ji sanyi, ruwa mai haske yana tsattsafowa ta ƙasa. Kwana kaɗan tarwaɗa suka daina tasowa neman iska.

Duk wannan lokacin Baba bai daina amsa gaisuwata ba, bai daina cin tuwona ba, amma ya daina shiga jirgina. Ran Juma'a sai ya sa a riƙe masa hannu ya taka har gurbi, ya shiga ya auna da jikinsa. Kuma ya daina ce mini Uwata, sai dai ke. Wanda bai taɓa rasa sunansa a bakin ubansa ba, ba zai gane ba.

Damina ta yi nisa, sabon ruwa ya biyo mashigi ya haɗe da gurbi. Waɗanda suka je tarba sun ce sun ga baƙaƙen bayan tarwaɗa a jere suna fita cikin ciyawa. Ni ban je ba. Makonni suka wuce, bado ya buɗe. Wata Juma'a ina tankaɗe na ji sallamarsa a ƙofa, ga shi da sandar nan a hannu. Ya ce, "Jirgin nan ruɓewa ya yi, ko mai shi ce ta ruɓe?" Na bar gari a faifai kaji suka samu rabonsu. Muka ratsa furanni, balbela na tashi suna sauka, sama a kwance ƙarƙashinmu kamar ba abin da ya taɓa faruwa. A tsakiyar gurbi na kafa ta tsaye cak, na zaro, na miƙa masa. Hannuwansa na kan cinya, bai ɗaga su ba.

"Ina ya kai?"

"Baba, ga ta nan, shafa."

"Tambayarki na yi."

"Saura yatsa huɗu ya taɓa ta sama."

"To, saura yatsa huɗu. Juya mu, Uwata, kada in rasa salla."

Daga ranar har ya bar duniya bai ƙara shafa sandar ba.

Rikicin masu bindigar da ya tashe mu daga kwarin nan kowa ya sani, ba sai na tona ba. Ranar da muka fito mutane na ɗaukar tukwane da katifu, ni sandar nan na fara ɗorawa a kan amalanke, ana ta yi mini kallon wadda ta zautu. An ce yanzu ciyawar kacala ta cinye rabin tabkin, gurbi kuma ba mai auna shi. Ban je na gani ba, kuma ba na so a ƙara ba ni labari. Jiya da safe na kira surukata na ce ta ɗauko ta, ai ice ma in ya daɗe ba aiki yana jin kaɗaici. Ta yi murna, ta jingina ta da katanga za ta ɗaura igiya. Na ce a'a, haƙa rami. Ta ce, "Iya, shanya ce fa kawai." Na tashi da kaina, da gwiwoyin nan nawa, na riƙe mata, tana turo ƙasa tana dannawa, ina duba ta ta gabas ina duba ta ta kudu, har sai da ta tsaya sak. Ga ta can yanzu da zannuwa a jikinta suna ɗiga, in iska ta kaɗa sai inuwarsu ta yi ta motsi a ƙasa kamar ruwa.